Ba Kowace Ƙwaya Ce Cuta Ba

Duk halittar da ido ba ya gani, Hausa ta yi mata kuɗin goro ta kira ta "ƙwayar cuta". Wannan suna ya yi wa noma illa. Da shi aka shawo kan mai albasa a Lafani ta ƙasar Illela, har ya yarda cewa gona ba ta tsira sai an yi mata wanka da guba.

Alhali a jikin saiwar shuka akwai bakteriya masu gadinta. Pseudomonas fluorescens tana rigan fumfuna kwashe sinadarin ƙarfe daga ƙasa, ta bar shi da yunwa. Bacillus subtilis tana fitar da sinadaran da ke huda jikinsa, kuma tana zaburar da garkuwar shukar. Wannan ilimi ya daɗe: tun 1972 Allen Kerr ya nuna a Ostareliya cewa wata bakteriya da ake kira K84 tana hana ƙullutun da ke fitowa a gindin itatuwan marmari.

Guba kuwa an ga sakamakonta. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos. Albasar da ke ƙetara iyaka ta Ƙonni ba ta fi ƙarfin irin wannan hukunci ba.

Masu kare feshi suna cewa zafin Sakkwato zai kashe duk maganin da ke da rai, kuma aikinsa ba ya sauri. Batun sauri gaskiya ne, domin rigakafi ne, ba ya tayar da gonar da ta riga ta ruɓe. Batun zafi kuwa bai shafi Bacillus ba, don tana dunƙulewa cikin ɓawo ta jure zafi da fari. Cewa manomi ba zai karɓa ba ma raini ne, tunda cibiyar IITA ta Ibadan ta riga ta kai NoduMax ga masu waken suya, ta kai Aflasafe ga masu masara da gyaɗa.

Laifin yana wuyan masu rabon kuɗi. Gwamnatin da ke tallafa taki da maganin feshi tana iya ɗaukar nauyin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tace bakteriya daga fadamun Illela, ta gwada su a kan ruɓewar gindin albasa, NAFDAC ta yi wa waɗanda suka ci jarrabawa rajista, malaman gona su kai su ƙauye. Matuƙar ba a yi haka ba, manomin Lafani zai ci gaba da sayen guba da kuɗin albasar da bai cire ba.