Wasa a aji, ko fahimta?

Kwanakin baya na halarci taron iyaye da malamai a wata makarantar kuɗi da ɗiyata ke zuwa. Shugabar makarantar ta shafe kusan sa'a guda tana nuna mana talabijin da kayan wasa, tana cewa yaron zamani ba ya koyo sai an nishaɗantar da shi. Wani dattijo ya miƙe ya ce su da bulala suka yi karatu, kuma ga su sun zama mutane. A ganina, dukkansu biyu sun saki reshe sun kama ganye.

Da muka koma gida na ce wa yarinyar ta rera mini waƙar Turancin da aka koya musu. Ta rera tsaf, har da rausaya. Na tambaye ta ma'anar baitin farko, ta yi shiru. To, ina amfanin nishaɗin da bai bar komai a ƙwaƙwalwa ba?

Abin da nazarin harshe ya koya mini shi ne, yawanci yaro yakan gundura ne idan bai gane abin da ake faɗa ba. Yaron da ke gyangyaɗi a aji, shi ne zai hana kakarsa barci saboda tatsuniya da kacici-kacici. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, ba ta buƙaci alewa ba kafin ta riƙe ɗalibai. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, ya nuna sun fi takwarorinsu ƙwazo, kuma Turancinsu bai yi rauni ba. Abin takaici, a 2025 Gwamnatin Tarayya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa da ta amince da ita a 2022.

Ban ce a kori wasa daga aji ba, kuma ban goyi bayan bulala ba. Amma haddar lissafi da gyaran rubutu sai da maimaici da juriya, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yaro yakan jure wannan wahala idan ya ɗanɗani daɗin ganewa.

Saboda haka, ya ku iyaye, idan yaro ya dawo daga makaranta, ku ce ya bayyana muku darasin ranar da bakinsa, da Hausa. Amsarsa za ta nuna muku inda kuɗinku ke tafiya. Allah Ya shirya mana zuri'a.