Awon Zafin Ƙwayoyin Cuta Wajen Gwada Sababbin Magunguna

Duk abu mai rai yana fitar da zafi muddin yana sarrafa abinci. Tun wajen 1783 masanan Faransa, Lavoisier da Laplace, suka auna irin wannan zafi ta hanyar ƙanƙarar da ɗumin jikin wata 'yar dabba ya narkar. Ƙwayar bakteriya ma haka take, sai dai zafinta bai taka kara ya karya ba. Sai dubbai sun taru a kwalba kafin na'ura ta ji shi.

A ganina, awon wannan zafi ya cancanci fifiko wajen gwada sababbin magunguna, domin lokaci ya ƙure mana. A 2019 ƙwayoyin da suka bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki bisa yawan jama'arta.

Tsohuwar hanya, wato a shuka ƙwayoyin a faranti a jira kwana guda, ƙarshen labari kawai take bayarwa. Awon zafi kuwa yana bin su minti bayan minti. A 2009 masu bincike a Jami'ar Basel ta Suwizalan sun nuna cewa maganin da ke lalata bangon ƙwaya, kamar amfisilin, da wanda ke hana ta ƙera furotin, kowanne da irin zanen zafin da yake bari. Ke nan daga zanen ana iya hasashen inda sabon magani ke kai hari.

Na'urar dai tana da tsada, kuma zafi ba ya faɗin sunan mai shi, don haka tilas a haɗa da sauran gwaje-gwaje kafin a yanke hukunci.