Mun nuna wa baƙo Dala, mun ɓoye masa tanderu

Duk wanda ya taɓa rakiyar baƙo a cikin birnin Kano ya san yadda ranar take tafiya. Da hantsi a hau da shi Dala, a sauko a ratsa Kasuwar Kurmi, a tsaya a marinar Ƙofar Mata ya ɗauki hoto, a leƙa Gidan Makama. Ana kiran azahar sai mu cusa shi a mota, mu fice ta Ƙofar Nasarawa, mu kai shi gidan abinci mai sanyi ya ci soyayyiyar shinkafa ko shawarma. Idonsa ya ga birni, kuɗin cikinsa kuwa a wajen badala suka zube. Mu kuma muna ɗauka karamci muka yi.

Ku dubi yadda wasu suke yi. A yankin Bordeaux na Faransa, ko Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, matafiyi yakan biya kuɗi ya shiga gonar inabi. A zagaya da shi, a nuna masa inda ake matsa da inda ake ajiya, a ba shi giyar gonar ya ɗanɗana, sannan ya zauna ya ci abincin rana a nan wurin. Kafin wani ya miƙe da fatawa, ba giya muke cewa a kawo ba. Haramun ce, kuma Kano ta ƙaddamar da shari'a tun 2000. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne manomin nan ba ya jin kunyar abin da hannunsa ya yi. A gidansa yake zaunar da baƙo, ya ba shi labarin ƙasar da ta haifi abin da yake sha, ya kuma caje shi kuɗin labarin.

Mu me muka rasa? Gurasar da ake gasawa a tanderu a Jakara tana da labarin da ya fi ƙarfin shawarma, domin ta biyo Larabawan da suka ƙetaro Sahara suka zauna a birnin nan. A yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba mai da albasa, ta zama bandashe. Ga alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda muka tsare a garar amarya kamar ba a cin su sai da ɗaurin aure. Ga fura da nono, ga zoɓo. Amma wa ya taɓa zaunar da baƙo ya ɗanɗana furar gidaje uku, ya ji wadda citta da kanumfari suka fi fitowa?

Za a ce ai tsafta. Gaskiya ne, kuma ba za mu rufe ido ba: wanda ya shaƙi kwatamin Jakara ba zai yi marmarin zama ya ci komai a bakinsa ba. Sai dai maganin kwatami yashewa ne. Guduwa da baƙo ba ta taɓa gyara lungu ba. Zaure mai shara, tabarma, butar wanke hannu da ruwa mai kyau ba su kai kuɗin fentin shataletale ɗaya ba.

A watan Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya, muka yi ta murna a Facebook. A zama ɗaya ne aka sa attiéké, abincin rogo na Kwaddibuwa, kamar yadda aka sa shinkafa da kifin Senegal a 2021. Su tukunyarsu suka kai. Mu dawakai muka kai, muka bar matan da suke tashi tun asuba suna hura tanderu a cikin lungu, babu ko allo a ƙofar gida da zai gaya wa baƙon Hawan Daushe cewa nan ake yin gurasar.