Fiyanon Miliyan Uku da Kuɗin Adashinmu

Maƙalar wannan mako ta faɗo kanmu, mu 'yan Batsari da Safana, kuma mun san wasu za su ce me ya haɗa zauren marubuta da zancen fiyano. Ku ɗan yi haƙuri da mu. Rabin waɗanda ke cikin zauren nan suna rubuta baitocin waƙa a ɓoye ko a bayyane, wasu kuma suna mafarkin ranar da za a karanta littafinsu a YouTube da ɗan kiɗa mai taushi a ƙarƙashin murya. Aminu Ala ma da rubutun littafi aka fara saninsa kafin waƙa ta ɗauke shi. Duk wanda ya bi wannan hanya, wata rana sai ya tsaya gaban mai fiyano da takardarsa a hannu.

Mu goma sha ɗaya ne, mun shekara da wata biyu muna zuba adashi. A cikinmu akwai malamin firamare, akwai mai cajin waya, akwai wadda ke soya awara, akwai wanda sai ya sayar da rogonsa yake iya zubi. Burinmu mu buɗe ɗan situdiyo a shago guda cikin garin Batsari, mu daina kwasar jiki zuwa Katsina ko Kano duk sanda za mu ɗauki waƙa ɗaya ko tallan ɗan kasuwa. Kuɗi sun fara kauri, sai makaɗinmu, wanda ya yi shekara uku yana koyon aiki a wani situdiyo da ke Zoo Road a Kano, ya zo mana da bidiyon Yamaha PSR-SX920 a wayarsa. Ya ce in dai da gaske muke, wannan za mu saya. Tun ranar ba mu sake zama lafiya ba.

Za mu faɗi matsayinmu tun yanzu don kada a ce mun yi kwana-kwana: a wurinmu, a wannan gari, a wannan lokaci, sabon fiyanon bai ci kuɗinsa ba.

Ba wai kayan banza ba ne. Yamaha sun fito da SX920 da ƙaninsa SX720 a 2024, su ne suka gaji SX900 da SX700 na 2019. Yana da allon da ake taɓawa da yatsa kamar waya, sarewarsa da gogensa suna fita da numfashi kamar mutum ne ke busawa, kuma yana da wurin da za ka zuba sautukan da ka ɗauko da kanka, kalangu ne ko kotso ko gurmi, fiye da na waɗanda suka gabace shi. Da muka ga bidiyon, har wadda ta fi kowa adawa a cikinmu sai da ta ce "kai!" Matsalar tana wajen farashi. A ƙasashen waje kuɗinsa ya haura dala 2,000. Ko da an lissafa dala a naira 1,400, an doshi miliyan 3 ke nan, kafin kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan lissafin da bai kai miliyan ɗaya ba. Fiyanon bai canja ba, aljihunmu ne ya ƙanƙance.

To me za a samu a madadinsa? Na farko akwai 'yan hannu, irin su PSR-S770 da S970 na 2015, ko S775 da S975 na 2018, waɗanda har gobe ake aiki da su a situdiyoyi da wuraren biki. Suna karɓar makirfo, suna ɗaukar sauti kai tsaye zuwa filash, suna karɓar ƙarin sautuka. Akwai kuma SX600 na 2020, sabo ne amma ƙarami, ba shi da allon taɓawa, kuɗinsa kuma ya yi ƙasa sosai da na babban. Sai Korg, masu Pa700 da Pa1000, waɗanda suka fito a 2017. Waɗanda suka taɓa su suna yabon sautinsu, mu ma ba mu musa ba. Amma a ƙasar Hausa Yamaha ya riga ya yi gida. Kiɗe-kiɗen da makaɗa suka haɗa da hannunsu, na biki da na siyasa da na bege, suna yawo ne daga filash zuwa filash a tsarin Yamaha, Korg kuwa ba ya karanta su sai an yi wahalar juya su. Mai gyara ma ya fi sabawa da cikin Yamaha. Wanda ya sayi Korg a Batsari zai zauna da kaya mai kyau shi kaɗai, ba mai ara masa kiɗa, ba mai ba shi shawara. Genos2 kuwa, wanda ya haura dala 5,000, ba mu ma sa shi a lissafi ba, sai dai kallo.

Abokin hamayya na gaskiya shi ne kwamfuta. Laftop mai ɗan ƙarfi, da manhajar FL Studio wadda ta asali kuɗinta wajen dala 200 ne kuma ba a sake biyan kuɗin sabuntawa, da ƙaramin allon maɓallai da ake jonawa da waya, sun isa a yi duk abin da muke son yi a ɗaki. Yawancin waƙoƙin da muke ji yanzu, ko an fara su a fiyano, a kwamfuta ake ƙarasa su. Wato ko mun sayi SX920 ba mu tsira daga sayen laftop ba. Wannan ita ce maganar da makaɗinmu ya kasa amsawa.

Mun yi wani ɗan gwaji, ba na masana ba. Da ya je Kano, ya buga kiɗa ɗaya a sabon fiyanon a shagon mai sayarwa, ya sake buga shi a wani tsohon S970 na maigidansa, ya turo mana duka biyun. Muka kunna su a waya a teburin mai shayi, muka ce wa mutane su nuna na miliyan uku. Wasu suka nuna wannan, wasu suka nuna wancan, wani dattijo ya ce shi duk ƙarar gwangwani yake ji. Da muka sa abin kunne mai kyau, e, bambancin ya fito. Amma wa zai saurari waƙarmu da abin kunne mai kyau? Mai sauraronmu yana Wagini ko Runka, waƙar ta iso masa ta Xender daga wajen mai tura waƙoƙi, an matse ta an sake matsewa, tana fita ta lasifikar wayar da ta sha faɗuwa. Abin da ke tsira daga wannan tafiya shi ne murya da kalmomi da bugun ganga. Numfashin sarewar da muka biya miliyoyi dominsa a hanya yake zubewa.

Nan ne zancen ya dawo kanmu marubuta, kuma nan muka fi so a tsaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kan yadda fiyanon Yamaha PSR ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990 ya canja kiɗan finafinan Hausa. Ku tuna Sangaya, fim ɗin 1999. Fiyanon wancan zamani, in aka ajiye shi kusa da na yau, abin wasan yara ne, amma waƙar ta shiga kowane lungu, har yau in aka kunna ta sai ka ga manya suna gyaɗa kai. A shekarar nan dai Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa a jiharmu, ya rasu, bayan ya shafe rayuwarsa yana riƙe da jama'a da kalangu da amshi kawai. A wajen Shata magana ce ke gaba, kalangu na biye da ita, yana hawa inda ta hau, yana sauka inda ta sauka, domin makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana lanƙwasa sautin yadda harshe ke yi.

Mu kuwa yau mun juya abin. Makaɗi ya danna kiɗan da ke cikin na'ura, ya ce mana "ga shi nan, a zuba baiti." Sai mu zauna muna cusa kalmomi cikin ramukan da aka riga aka haƙa. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Kukan da yaro ke yi daban, kukar da ake miya da ita daban, a rubuce harufa ɗaya ne, murya ce ke raba su. Garin da muke zaune da garin da ake tuwo da shi, tsawon wasali ne tsakaninsu. In kiɗa ya ja murya sama inda kalma ke son sauka, ko ya ja wasalin da gajere ne, kunnen Bahaushe zai ji wani abu ya karkace ko da bai san sunan abin ba. Sau nawa muka ji waƙa mai daɗin kiɗa amma sai an koma baya sau uku kafin a gane me mawaƙin ya ce? Wannan ciwo babu fiyanon da ke maganinsa. SX920 zai buga karkataccen baiti da sauti mai tsabta, shi ke nan. Maganin yana wajen marubucin da zai rera baitinsa da baki tukuna, ya ji inda ya hau da inda ya sauka, sannan ya ce wa makaɗi ya biyo shi. Makaɗin da ya yarda da haka, ko da tsohon fiyano ne a gabansa, ya fi mana amfani.

Sai kuma halin garinmu, wanda masu bidiyon talla ba su san da shi ba. Wuta ba ta zama, janareto ne gatanmu, kuma janareton da ke hawa da sauka shi ne ajalin irin waɗannan kaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace awa ta aiki da kuɗinta. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta hana sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. Da a ce mun zuba duk abin da muka mallaka a fiyano a lokacin, da mun lulluɓe shi da zane mun zauna muna kallo. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ƙarƙashin maɓallai har wasu su daina amsawa. Gyara kuwa sai an kai Kano, kuma kayan gyaran tsohon samfuri sun fi sauƙin samu a kan na wanda ya fito jiya.

Makaɗinmu yana da hujja guda mai ƙarfi, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Ya ce kuɗin fiyano a fili yake dawowa, wajen biki da taron siyasa, inda mai taro ke son ya ga kaya masu walƙiya kafin ya buɗe aljihu, ga kuma kakar zaɓe na matsowa. Gaskiya ne, laftop ba ya cika ido a filin biki, kuma makaɗin da ke aiki kowane mako a cikin Katsina ko Kano yana iya mayar da kuɗinsa. In kai ne wannan, saya, Allah Ya sa albarka. Amma mu a bakin Dajin Rugu muke. Shekarun nan sun rage bukukuwan dare a ƙauyukanmu, da yawa ana ɗaura aure a watse kafin magariba. An samu ɗan sauƙi, mun gode Allah, sai dai har yanzu babu ɗaya daga cikinmu da zai ɗaura kayan miliyan uku a bayan babur ya nufi ƙauye da yamma hankalinsa kwance. Da muka tambaye shi ko shi zai ɗauka, sai ya yi dariya ya ce, "Ku dai ba ku son ci gaba."

Wataƙila akwai gaskiya a zarginsa. Talaka yakan saba da ƙaramin buri har ya ɗauka hikima ce. Mun tambayi kanmu wannan, ba sau ɗaya ba. Amsar da muka samu ita ce kuɗin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai ribar awara a ciki, akwai kuɗin rogo. In fiyanon ya ƙone a wata na uku, ba makaɗi kaɗai zai yi asara ba, zumuncin mutum goma sha ɗaya ne zai tafi tare da shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka kaɗa ƙuri'a, bakwai da huɗu. Za mu nemi S970 ko S775 na hannu mai lafiya, laftop, makirfo mai kyau guda ɗaya, faifan sola da batir da inbata, sauran canjin mu sayi katifun da za mu manna a bango don kada kukan babura ya shiga cikin karatun littafi. Makaɗinmu bai yi magana a zauren WhatsApp ɗinmu ba kwana biyu, sai jiya ya turo jerin abubuwan da za a duba kafin a biya: a danna maɓallai 61 ɗin ɗaya bayan ɗaya, a gwada ramin filash, a tabbatar adaftar ta asali ce, a bar shi a kunne awa guda a ga ko allon zai yi fari. Shi zai je Kano ranar Litinin tare da ma'ajinmu.

'Yan uwa na Kano da Zariya da Maraɗi da kuka taɓa sayen na hannu, ku rubuta mana a ƙasa abin da ya manta bai sa a jerin ba, kafin Litinin ɗin.