Inshorar Motoci: Doka Ta Tsananta, Saura Biyan Wanda Aka Kaɗe

Ran 1 ga watan Fabrairu na 2025 ne 'yan sanda suka fara kamen motocin da ba su da inshora a ko'ina cikin Nijeriya, bisa umurnin Sufeto Janar na wannan lokaci, Kayode Egbetokun. Bayan wata shida, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin dokar 2003, ta kuma haɗiye tsohuwar dokar inshorar motoci. Masu motoci da yawa sun ɗauki abin a matsayin wani sabon haraji ne da aka ɓullo da shi. Ba haka ba ne, amma kuma ba za a ga laifinsu ƙwarai ba.

Tilasta wa mai mota yin inshora ba yau aka fara ba. Tun 1945 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar a ƙasar nan, suna bin sawun wadda aka yi a Ingila a 1930. Ana ce da ita inshorar mutum na uku, domin mai mota shi ne na farko, kamfanin inshora na biyu, na ukun kuwa shi ne wanda tsautsayi ya haɗa shi da motar: mai tafiya a ƙasa, ko mai keke, ko mai rumfar da ke bakin titi, ko mai wata motar. Wannan inshora ba ta gyara wa mai ita ko da fitila guda. An yi ta ne don kada wanda aka yi wa ɓarna ya tashi a tutar babu saboda kawai wanda ya buge shi ba shi da hali.

Shekara da shekaru kuɗinta N5,000 ne. Daga ran 1 ga watan Janairu na 2023 sai Hukumar Kula da Harkar Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta mayar da shi N15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai Keke Napep aka yanka masa N5,000, mai babur N3,000, babbar motar ɗaukar kaya N100,000. A lokacin mafi ƙarancin albashi N30,000 ne, ke nan rabin albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, ga shi kuma bayan wata biyar aka janye tallafin man fetur. Duk da haka, wanda ya san kuɗin gilashin gaba na mota a yau, balle kuɗin ɗorin karaya a asibiti, ya san N15,000 ba ta yi yawa ba, muddin dai za a biya in abin ya faru.

To, a nan gizo yake saƙar. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ta sha faɗin cewa daga cikin motoci wajen miliyan 12 da ke ƙasar nan, waɗanda ke da inshora ta gaskiya ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Abin mamaki kuwa, da wuya ka tsai da direba ka same shi babu takarda. Duk wanda ya taɓa zuwa sabunta lasin ya san yadda ake yi. Tun daga bakin ƙofa 'yan kamasho za su tare shi, ya miƙa kuɗi dunƙule guda, a dawo masa da takardu a haɗe, cikinsu har da ta inshora mai hatimi da sa hannu, wani lokaci da sunan kamfanin da babu shi ko kaɗan. Mafi yawan masu riƙe da irin wannan takarda ba su san ta jabu ba ce. Wasu kuwa sun sani sarai, amma a ganinsu da ta gaskiya da ta jabu duk aikinsu ɗaya ne, watau a nuna wa ɗan sanda a wuce.

Wannan ra'ayi shi ne babban abokin gaban dokar, kuma kamen kan hanya ba zai kashe shi ba. Mai karatu ya tambayi kansa, a cikin danginsa da abokan aikinsa, mutum nawa ya sani da mota ta kaɗe, kamfanin inshora ya biya shi? Abin da muka saba gani shi ne, in an yi haɗari jama'a su taru, a yi ta cacar baki, a je wurin mai gyara a yi ciniki. In rauni ne, direba ya kai mutum asibiti, ya biya abin da ya sawwaƙa, bayan mako biyu a neme shi a rasa. In kuwa rasuwa ce, sai shugabannin tasha su yi ayari su je gaisuwa, iyalan mamaci su ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafiya hali ne na kirki, ba mai musun wannan. Sai dai sau da yawa iyalan sun yafe ne don sun dubi direban sun ga talaka ne ɗan'uwansu, ba su san cewa akwai kamfanin da ya karɓi kuɗi musamman don ya ɗauki wannan nauyi ba. Ta haka marayu kan yafe wa kamfani haƙƙinsu ba tare da an ko ambaci sunansa a zaman makoki ba. Su kuma kamfanonin ba mu ga suna ɗokin wayar da kan jama'a a kan wannan ba.

Akwai kuma masu gudun inshora saboda shakkar halaccinta a addini. Wannan hanzari ya ragu, domin tun 2013 NAICOM ta fito da ƙa'idojin takaful, watau inshorar taimakon juna bisa tsarin Musulunci, kuma akwai kamfanoni masu lasin da ke yin ta, har da ta motoci.

Ingila, inda muka samo dokar, ita ma ta yi fama da masu tuƙi babu inshora. Tun 1946 kamfanonin can suka kafa wata hukuma da suke zuba wa kuɗi, aikinta biyan wanda mota marar inshora ta kaɗe, ko wanda aka kaɗe aka gudu. A 2005 aka ba 'yan sanda ikon ƙwace irin wannan mota nan take. A 2011 kuma aka fara gwada rajistar motoci da rajistar inshora a kwamfuta, duk motar da ta fito a ta farko ba ta fito a ta biyu ba, sai mai ita ya ga wasiƙa har gida, ko da bai hau titi ba, sai fa in ya sanar cewa ya ajiye ta. Abin lura shi ne, sun fara da biyan wanda aka cuta shekaru da dama kafin su kai ga ƙwace mota.

Sabuwar dokarmu ta taɓo wannan gefe. Ta ɗaga jarin da kamfanin inshorar dukiya zai mallaka daga naira biliyan 3 zuwa biliyan 15, kuma gwamnati ta ce ba za a ƙara lamuntar jan ƙafa wajen biyan masu haƙƙi ba. Ƙarin jari zai rage kamfanonin da ba su da ƙarfin biya, wannan gaskiya ne. Amma kamfani mai ƙarfi ma ba ya biyan wanda bai zo nema ba, kuma mutumin ƙauye da aka karya wa ƙafa a hanyar Kano zuwa Zariya bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ga rahoton 'yan sanda da za a ce ya kawo, wanda shi ma samunsa wani aiki ne.

Kayan aikin gane takardar jabu kuwa muna da su. Kamfanonin inshora suna da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake sa lambar mota a ga ko tana da inshora ta gaskiya, kuma da wayar hannu ma ana dubawa. Ya kamata ɗan sanda a kan hanya ya dogara da wannan, ba da takardar da aka miƙo masa ta taga ba, in ba haka ba kamen zai koma wata sabuwar ƙofar na goro. Ya kuma kamata ofisoshin lasin na jihohi su ƙi sabunta takardun duk motar da ba ta cikin rumbun, domin a nan ne 'yan jabu suke cin kasuwarsu. Ita kuma NAICOM, a ganina, babu abin da zai fi taimakonta kamar ta riƙa bugawa a jaridu, tana kuma sa a karanta a rediyo da Hausa, yawan mutanen da kowane kamfani ya biya a kowace jiha, da yawan waɗanda ya hana, da dalilin hanawar. Ma'aikacin da ya biya N15,000 bana yana da haƙƙin ya ga wannan lissafi kafin a nemi ya sake biya baɗi.