BA KOWANE KATUN NE NA YARA BA



Daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar Isha'i, na tarar da yarana uku sun haɗa kai a kan wayar mahaifiyarsu. Na tambaye ta me suke kallo, ta ce, "Katun ne, Malam, ƙyale su." Na wuce abina. Can tsakar dare autanmu ɗan shekara 6 ya farka yana kuka, wai mayu sun zo shan jininsa. Da gari ya waye na karɓi wayar, na kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, na kuma bincika asalinsa.

Sunansa Vampire Hunter D: Bloodlust. Fim ne na ƙasar Japan da ya fito a 2000, Yoshiaki Kawajiri ya ba da umarni, kamfanin Madhouse ya zana. An ɗauko labarin daga littattafan Hideyuki Kikuchi, wanda ya fitar da na farko a 1983. Jarumin, mai suna D, ruwa biyu ne: uwarsa mutum, ubansa mai shan jini. Wani attajiri ya ɗauke shi aiki ya ƙwato masa 'yarsa daga hannun wani mai shan jini. Zane ne, amma akwai sara da suka da jini da gawarwaki masu tafiya. A Amurka tambarin R aka buga masa, wato wanda bai kai shekara 17 ba ba ya shiga sinima ya kalla sai da babba.

Mu da muka tashi da Tom and Jerry a NTA, da mun ga zane sai mu ce na yara ne. A Japan kuwa da zane ake yi wa yara fim, da shi ake yi wa manya. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa fim shekarun masu kallo, sai dai ba ta bin sa cikin memori. Yaro zai je shagon masu tura fim da canjin aike, a cika masa waya, babu mai tambayar shekarunsa.

Tsoron dare zai wuce. Abin da ya fi damuna shi ne yadda babban ya fassara wa ƙannensa labarin: "Waɗannan mayu ne, shi kuma aikinsa kashe mayu." Mai shan jinin fim ya samo asali ne daga camfin mutanen Turai, gawa ce da ke tashi daga kabari da dare, irin ta littafin Dracula na 1897. Babu wanda ke da maƙwabci irin wannan. Maye kuwa a wurinmu suna ne da ake liƙa wa mutum mai rai, yawanci tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Zazzaɓin cizon sauro ya yi wa yaro zafi, ya ambaci sunanta cikin sambatu, shi ke nan an daina cin abincinta, wani lokaci har da duka. Kowa a cikinmu ya taɓa jin irin wannan. Dokar Final Kod ta mayar da jifan mutum da maita laifi, malamanmu kuma kullum suna jan kunne a kan zato da ƙazafi. To yaya za mu bar yara su tashi da cewa mai farautar "mayu" shi ne gwarzo?

Wasu za su ce a hana kallon gaba ɗaya. Ban ga alamar zai yiwu ba, domin wanda aka hana a gida zai kalla a wayar abokinsa, inda babu mai yi masa bayani. Kuma fim ɗin kansa yana da darasi ga wanda ya yi hankali. Akwai wurin da ɗan sandan wani gari ya zo korar D saboda jininsa, sai wani tsoho mai sayar da doki ya tare masa. Ya ce tun yana yaro aka sace su, wannan mutumin ne ya dawo da su gida, amma mutanen gari suka saka masa da kora. Na zauna da babban, ɗan shekara 16, muka sake kallon wurin. Na tambaye shi wa ya yi zalunci. Ya yi shiru, can ya ce, "Mutanen garin ne, Baba."

Roƙona ga iyaye shi ne mu riƙa kallon ko da minti goma na duk abin da aka tura wa yaranmu, mu raba na ƙanana da na manya. Masu shagon tura fim, ku ma 'ya'yanmu ne, ku tambayi yaro wa zai kalla. Idan kuma kuka ji yaro ya kira wani maye, ko da wasa, ku kwaɓe shi nan take, domin baki shi ke yanka wuya.

Wannan ra'ayina ne, ba matsayar ƙungiya ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.

Daga Sakataren Ƙungiya