Na karance Avengers ɗin Hickman, ga abin da na gani

Yau dai ba maganar albashi ko kuɗin mai, ku yi mini haƙuri. Maganar littafin zane zan yi. Na san akwai masu cewa mutum da furfura a gemu me ya haɗa shi da Iron Man. Na ji, na ɗauka.

Tun da kamfanin Marvel ya sanar a watan Yulin 2024 cewa Robert Downey Jr. zai dawo fim a matsayin Doctor Doom, babban ɗana ya hana ni sakat: "Baba, sai fa ka karanta na Hickman." Na yi ta ja masa rai, sai da na samu hutun shekara sannan na zauna a kai. Jonathan Hickman ya rubuta jeri biyu ne a lokaci guda, daga ƙarshen 2012 zuwa 2015: Avengers mai fitowa 44 da New Avengers mai fitowa 33, sannan ya rufe da Secret Wars mai fitowa 9. Wanda ba ya so a ɓata masa labari ya tsaya a nan.

A ganina New Avengers shi ne labarin. Avengers kuwa, duk da shi ne mai babban suna, rakiya ya yi.

Ga yadda New Avengers ya taso. A ƙagen nasu duniyoyi suna da yawa, sai suka fara karo da juna bibbiyu. Da zarar wata duniya ta bayyana a sararin sama, awa takwas ta rage. In ba a yi komai ba duka biyun su halaka, in an tarwatsa ɗaya ɗayar ta tsira. Black Panther ne ya fara ganin abin a Wakanda, a gabansa aka kashe matasa uku da yake tare da su. Sai ya kira wani kwamitin sirri: Iron Man, Reed Richards, Doctor Strange, Black Bolt, Namor da Captain America, daga baya Beast ya shigo. Ku lura, wannan Namor ɗin shi ne ya sakar wa Wakanda ambaliya a labarin Avengers vs. X-Men na 2012. Wato T'Challa na zaune teburi ɗaya da wanda ya kashe masa jama'a, ya kuma gaya masa ido da ido cewa in an gama sai ya kashe shi.

Abin da ya burge ni, marubucin bai buɗe musu ƙofar baya ba. A irin waɗannan littattafai mun saba a shafin ƙarshe wani mai ƙwaƙwalwa ya ƙera na'ura kowa ya tsira. A nan tun fitowa ta 3 aka toshe wannan hanya: sun gwada duwatsun nan na Infinity, suka yi aiki sau ɗaya suka farfashe. Captain America ya ce shi ba da shi za a tarwatsa duniyar wasu ba. Me suka yi masa? Doctor Strange ya shafe masa tunanin abin gaba ɗaya, suka mayar da shi gida suka ci gaba da ƙera bam. Wallahi da na zo nan sai da na ajiye wayar. Duk wanda ya yi shekaru a aikin gwamnati ya san wannan salon: mai yawan cewa a'a ba a musu da shi, daina aika masa takardar gayyatar taro kawai ake yi.

Ƙololuwar abin ita ce fitowa ta 21, a 2014. Duniyar da za su yi karo da ita tana da jarumanta, Great Society, waɗanda a fili an zana su ne da kamannin Justice League, kuma mutanen kirki ne. An gwabza, an gama da su, bam na hannu, saura dannawa. Ɗaya bayan ɗaya waɗanda suka ƙera shi suka ƙi. T'Challa ya karɓa, ruhin kakanninsa na matsa masa, ya kasa, har mahaifinsa T'Chaka ya sallama shi. Namor ya ɗauka ya danna. Suka rufe shi da Allah wadai, suka kore shi, alhali numfashin da suke zaginsa da shi a dalilin dannawar tasa suke yinsa.

Na taɓa zama a wani taro, shekarun baya, inda kowa ya amince da wani mataki mara daɗi da baki, amma fayil ya yi ta zagaye ba mai sa hannu. Wani ya sa. Har ya yi ritaya da sunansa ake kiran abin, mu da muka yi shiru kuwa aka ci gaba da gaishe mu a matsayin mutanen kirki. Ni ma ina cikin masu shirun. Ba ina wanke Namor ba ne, domin daga baya ya haɗa kai da Thanos suka mayar da kashe duniyoyi sana'a. Amma littafin bai bar sauran sun wanke kansu da shi ba, kuma ban yi zaton labarin masu tashi sama zai tuna mini da wancan fayil ba.

To, Avengers fa? Nan ne na gaji. Jarumai kusan ashirin, har sai an sa taswirar sunaye a shafin farko don kar ka ɓata. Ex Nihilo, Builders, Mapmakers, Starbrand, Nightmask, kowace fitowa sabon suna da sabon bayani kamar kana karanta rahoton kwamitin bincike. Black Widow da Captain Marvel sau da yawa tsayuwa kawai suke a bayan hoto. Yawancin mutanen ma bakinsu ɗaya, kowa na magana kamar mai huɗuba. Zanen Jerome Opeña a fitowa ukun farko ya yi kyau matuƙa, amma masu zane sun yi ta sauyawa. Yaƙin sararin samaniya na Infinity a 2013 yana da girma, sai dai bai taɓa ni ba. Abin da na tsira da shi daga wannan ɓangaren shi ne abotar Thor da Hyperion da barkwancin Sunspot da Cannonball.

Sai a fitowa ta 29, da Captain America ya tuna abin da aka yi masa, jerin ya farka. Fitowa 28 kafin a kai ga nan, haba, ya yi yawa. Amma ƙarshen ya biya: a fitowa ta 44 duniya na rushewa, Steve Rogers da Tony Stark suna dambe a titi kan wa ya ci amanar wa. Ba wanda ya ceci kowa. Abin da ya yi saura na duniyoyin ma Doom ne ya tattara shi a Secret Wars.

Ɗana bai yarda da ni ba. Ya ce, "Baba, in ba ka ga ginin da aka yi a Avengers ba, rushewar ba za ta yi maka ciwo ba." Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma ni da an rage rabin ginin ma da ta yi mini ciwon. Mai ƙarancin lokaci ya fara da New Avengers daga 1 zuwa 23, in ta kama shi ya koma ya cike sauran. Waɗanda kuka karanta, ina jiran ku a ƙasa, musamman masu cewa T'Challa ya yi daidai da ya ƙi dannawa. Ni da yaron mun kwana biyu a kan wannan, har mahaifiyarsa ta ce mu koma zaure.